Zanen teku daga Damagaram: sai an je an tsaya, ko hoto ma ya isa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga zanen nan huɗu da na yi muku alkawari tun kafin azumi. Duka da fentin mai na yi su, a kan siraran katakai, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. A bakin teku na yi su, tsakanin Kwatano da Wida a ƙasar Benin, shekarar da na raka kawuna ɗauko mota, lokacin hanyar Gaya da Malanbil tana buɗe. Takardun motar suka riƙe mu kwana goma sha ɗaya, ni kuwa kullum in na yi asuba sai in hau zemijan, kabu-kabunsu na can, in nufi bakin ruwa da jakata.

Abin da ya same ni ranar farko shi nake son mu tattauna. Ina isa na matse shuɗi mai yawa a faranti, don tun ina lekol a kaina teku shuɗi ne. Na ɗaga kai in fara, sai na rasa inda zan sa shi. Ruwan da ke gabana launin kunun gero ne, saboda igiyar ruwa tana tono yashi tana juya shi. Bayansa akwai kore mai duhu irin na kwalbar lemo. Can nesa, inda ruwa ya haɗu da sama, nan ne kawai na ga wani siririn layi mai shuɗi, shi ma ya fi kusa da toka. Kafin mu baro garin, farin fentina da rawaya mai ruwan ƙasa sun ƙare ƙaf, shuɗin kuwa na dawo da shi gida kusan a cike.

Tun daga nan na daina yarda da zanen tekun da ake kwafa daga waya. Ina ganin wanda bai je ya tsaya iska ta buge shi ba, abin da ya ji yake zanawa, ba teku ba. Me kuka gani?

Mai Allon Shago:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, aikinka ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma maganarka ta ƙarshe ta yi tsauri. Shekarata ashirin ina zana teku a bangon gidajen abinci da shagunan aski da wajen masu ɗaukar hoto a Sabon Gari, ban taɓa wuce Yamai ba. Da teku na aurar da ƙannena biyu. Mai shago shuɗi yake so, da itacen kwakwa a karkace, da jar rana tana faɗuwa. In na kai masa wannan naka mai launin kunu, cewa zai yi kududdufi na zana masa, ya hana ni cikon kuɗina. Sannan ka duba nisa. Daga nan zuwa Yamai kawai kusan kilomita 900 ne, ba a fara maganar Kwatano ba. Jika nawa ke nan? Yaron da ke koyon zane a shagona, in ce masa kada ya taɓa teku sai ya tara kuɗin mota?

Direban Kwatano:
Ni ba mai zane ba ne, amma na ci shekaru a hanyar nan. Wallahi na biyun nan da na gani sai da na ji ƙamshin kifi da gishiri. Haka ruwan yake da safe, fari-fari, ba ka gane inda sama ta ƙare. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai in ka koma: kada ka ba ruwan nan baya. Igiyar gaɓar Benin da Togo tana da ƙarfi, kuma tana ja ta ƙasa. Sau biyu yake cikowa a kwana guda, kuma kullum lokacin yana jinkirtawa da kusan awa ɗaya. Inda ka kafa kayanka jiya a busasshen yashi, yau kana iya tarar da ruwa a wurin.

Madam ta Lekol:
Ɗan Birni, ka taɓo abin da ya daɗe yana damuna. In na ce wa ƴan ajina su zana ruwa, duka sai su rarumi shuɗi. Yaran da kullum suke wucewa ta gefen kududdufi, sun san ruwansa ja ne ko ruwan ƙasa, amma hannunsu bai yarda da idonsu ba, littafi ya yarda da shi.

Kuma gardamar nan tsohuwa ce. A Turai ma a ɗaki aka daɗe ana kammala zanen fili, waje sai dai a je a ɗan zazzana. Wani abu ƙarami ya taimaka aka sauya: a 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, Jon Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsuwa da ake zuba fenti a ciki. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulla fenti, a huda da tsinke, in an huda kuma sai ya yi ta bushewa. Da bututu ya samu, sai mutum ya zuba launukansa a jaka ya tafi bakin ruwa. Ujen Budan, mai zane mutumin gaɓar Normandi a Faransa, shi ya ja shahararren mai zanen nan Kulod Mone waje tun yana saurayi, ya ce ya zo ya zana sama da ruwa yana kallonsu. Akwai zanen da Mone ya yi a bakin tekun Turubil a 1870, yana gidan ajiye zane na ƙasa a Landan, har yau ƙwayoyin yashi na nan manne a cikin fentin.

Malam direba, abin da ka faɗa ma ya faru da Mone. A watan Nuwamban 1885, a Etareta da ke gaɓar Normandi, ya yi kuskuren lissafin cikowar ruwa, igiya ta maka shi da dutse ta tafi da kayan aikinsa.

Ƴar Jami'a:
Yaya Ɗan Birni, ni tambaya gare ni, ba gardama ba. Da fensir nake zane, ban taɓa riƙe fentin mai ba. Dutse dai yana tsaye, bango yana tsaye. Igiyar ruwa fa, da ba ta daƙiƙa biyu a wuri ɗaya, yaya ake kama ta? Kuma yaya kake ɗauko allon da bai bushe ba a kan babur?

Ɗan Birni:
Ƙanwata, tambayarki ita ce ta cinye mini kwana uku na farko. Bin igiyar nake yi da burushi, ina sa wannan ta fashe, in koma kan wata, ƙarshe allon ya dagule kamar an kwaɓa laka. Rana ta huɗu na ajiye burushi na zauna a kan yashi kusan rabin awa, kallo kawai. A nan na gane ba sabon abu ruwan yake yi ba kowane lokaci, maimaici yake. A kusan wuri ɗaya yake tasowa, ya yi ƙozo, cikinsa ya yi kore mai haske in rana ta ratsa shi, sannan ya kife, kumfa ta shimfiɗo a yashi ta koma. In ka ga guda hamsin, sai siffar ta zauna maka a kai. Wadda na zana ba ta farko ba ce, ba ta hamsin ba, abin da suka bar mini ne su duka.

Tun a gida nake shafe katakon da farin fentin bango da gam, hawa uku, in goge da takardar yashi, sannan in bi shi da ruwan ƙasa siriri. Farin allo a tsakar rana yana kashe ido, kuma duk abin da ka ɗora masa sai ka gan shi da duhu. A bakin ruwa, layin da sama ta haɗu da teku nake fara ja, a miƙe, daidai tsayin idona. In ya karkace ko da kaɗan ne, mai kallo zai ji kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. Daga nan sai in lumshe ido rabi, har komai ya narke ya zama manyan gutsattsari uku: sama, ruwa, yashi. Wanne ya fi haske, wanne ya fi duhu? In wannan ya daidaita, sauran ado ne. Sama nake fara cikewa, don ita ke ba ruwa launinsa. Fentin farko siriri, na sama mai kauri mai maiƙo, in aka juya tsarin zanen zai tsattsage bayan ya bushe. Kumfa ce ƙarshe, kuma ba fari zalla ba. Kumfar da ke cikin inuwa toka ce mai ɗan shunayya, fari tas wuri biyu ko uku kawai nake ɗiga shi.

Awa biyu ke gare ka, ba ƙari. Na ukun nan na fara shi wajen ƙarfe bakwai, masunta suna jan taru a layi suna waƙa. Kafin tara rana ta hau, inuwoyi sun gajarce, ruwan ya koma wani launi dabam. Sai da na yi ta faɗa da zuciyata kafin na tsaya, don kusurwar hagu ba ta cika ba. Kun gan ta nan, haka na bar ta. Kuma dole allo da faranti su kasance cikin inuwa. Ranar da na yi aiki rana na dukan allon, na koma masauki na tarar zanen ya yi duhu kamar na magariba.

Ɗaukowa kuwa, alluna biyu nake haɗawa fuska da fuska, in sa guntun toton kwalba a kusurwa huɗu don kada su taɓa juna, in ɗaure da roba. Fentin mai ba kamar na ruwa ba ne da zafi ke busar da shi, iska yake sha a hankali har ya daskare. Launukan ƙasa kwana ɗaya ko biyu, fari mai kauri yakan kai mako. Yashin da ya faɗa ciki kada ki taɓa shi da ɗanye, sai ya bushe ki kakkaɓe. Wanda ya ƙi fita ki bar shi.

Malam na Zango:
Assalamu alaikum. Ina bin maganarku da sha'awa, sai dai akwai abin da ya kamata a tuna, tunda yara suna karantawa. A na ukun na ga mutane. Ya zo a Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wajen Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi a kan surar mai rai, ya ce masa in ba makawa to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka teku da sama da duwatsu da kwakwa, wannan fili ne mai faɗi, ba mai ja da ku. Kallonsu da natsuwa ma abu ne da Alƙur'ani ya yi ta kira a kai. Masuntan ne nake tambaya.

Ɗan Birni:
Allah ya gafarta Malam, na gode da tunatarwa. In kun buɗe hoton sosai za ku ga ba fuska, ba ido, ba yatsu. Kowane mutum shafa ɗaya ce ta burushi, ja ko baƙa, a karkace saboda nauyin igiyar tarun. Na sa su ne don in babu su ba a gane girman ruwan. Amma ban ce na fi ƙarfin gyara ba.

Malam na Zango:
Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan surar da ba ta cika ba, kuma akwai saɓani, ba abin da za a yanke a nan ba ne. Ka ɗauki allon ka kai wa malaminka ya gani da idonsa. Sauran ukun dai ni na ji daɗinsu ƙwarai, musamman na huɗu mai hadari.

Uwar Gida:
Ku yi haƙuri in shigo. Ni abin da ke ba ni mamaki, muna garin da mace ke kwana tana sauraron famfo, ƴan ga-ruwa na tura kura tun asuba, amma duk gidan da ka shiga teku ne a bango. Duwatsun Birni fa? Ƙofar fadar Sarkin Damagaram fa? Gonakin Mirya? Wa zai zana mana su in duk masu hannu sun tafi Kwatano?

Baba Magini:
Jikana ke rubuta mini. Ni zanen bango na gada, irin na gaban gidajen Birni da Zango, wanda ake fitarwa da laka tun tana ɗanya. Ban san fentin kwalba ba, amma maganar yaron nan na gane ta. Ubana ba ya fara zanen ƙofa sai ya zo ya zauna gabanta da hantsi, ya sake dawowa da la'asar. Yakan ce inuwa ce rabin zane. Dagin da ka fitar a bangon gabas, da safe yana magana, da yamma ya yi shiru. Wanda aka kawo wa hoton gida ya ce ya san gidan, bai san shi ba. Amma ɗana mai allon shago ma yana da gaskiyarsa, mai kuɗi shi ke faɗin abin da yake so a bangonsa. Mu ma haka muka yi aiki.

Ɗan Birni:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya Uwar Gida, wallahi abin da na dawo da shi ke nan, ya fi allunan huɗun nan daraja a wajena. Shekara talatin ina wuce kududdufin bayan unguwarmu ban taɓa tsayawa ba. Daminar da ta biyo bayan tafiyar, na fita da asuba na tarar ya cika, duwatsu sun kife a cikinsa, sama ta sauko ta kwanta a kai. Gefen da ke kusa da ni ja ne, ina ganin laka, amma can tsakiya launin sama ne sak. Dokar da teku ya koya mini ita ce a nan: ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarka cikinsa kake gani, na nesa kuwa sama yake nuna maka. Hazon hunturu ma haka. Yadda tururin teku ke cinye jiragen da ke jiran shiga tasha, su koma toka-toka, haka ƙura ke cinye duwatsunmu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu zanen da na yi a gida sun fi arba'in, na teku huɗu ne kacal da suka tsira.

Mai Allon Shago:
To ai ka dawo kan maganata ta wata hanya. In dokar ɗaya ce, yarona zai iya koyon ta a kududdufi, sannan ya ɗauki hoton teku ya zana, ba sai ya je ba. Kuma ka gaya mana gaskiya: babban zanen nan da na gani a ɗakinka, mai tsayin ƙofa, a bakin ruwa ka yi shi?

Ɗan Birni:
A'a Yaya, a ɗaki na yi shi, wata biyu ina kai. Amma ƙananan nan ne a jingine a gabana. Na ɗauki hotuna a waya, kuma sun yi mini amfani wajen siffar kwale-kwale da yadda ake ɗaure taru. Launi ne ban yarda in karɓa daga waya ba. Na gwada, na ajiye hoto kusa da allon da na yi a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya. Waya ta mai da inuwar kwale-kwale baƙi ƙirin, alhali a idona akwai ja da kore a cikinta, ta ƙone sama ta zama fari, ta ƙara wa ruwa shuɗin da babu. Na yarda na yi zafi da na ce wanda bai je ba ba teku yake zanawa ba. Amma yaronka ya fara fita waje tukuna, ko bakin rijiyar lambu ce.

Madam ta Lekol:
Haka Jon Kwanstebul na Ingila ya yi. Manyan zanensa a ɗaki ya yi su, amma a 1821 da 1822 ya yi ta fita yana zana gajimare kawai a kan takarda da fentin mai, a bayan da yawa daga ciki ya rubuta rana da sa'a da inda iska ke kaɗawa. Wannan ɗabi'ar nake so ƴan ajina su ɗauka. Hadarin gabas na watan Agusta a nan, wa ya taɓa zama ya zana shi sau goma?

Ƴar Jami'a:
Ni zan so. Amma kuɗin kaya fa? Na tambayi fentin bututu, sai an aiko daga Kano ko Yamai. Na gwangwani da ake shafa wa ƙofa ba zai yi ba?

Mai Allon Shago:
Wannan kuma fagena ne, ƴata. Na gwangwani yana yi a bango da allon ƙarfe, da shi nake ci. Amma ruwa-ruwa ne, yana zuba, yana sheƙi, kuma cikin ƴan awoyi ya kama, ba ya jiran ki gyara. Ba zai riƙe sawun burushi kamar kumfar nan ta Ɗan Birni ba. Don koyon haɗa launi dai ya isa, ki zo shago in ɗiba miki a murafen kwalba. Kananzir na wanke burushi ne kawai, kuma a waje, kada ki rufe kanki a ɗaki da shi.

Ɗan Birni:
In za ki sayi na bututu, biyar sun ishe ki: fari babba, rawaya mai ruwan ƙasa, ja mai ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, da rawaya mai haske. Baƙi ba dole ba ne, shuɗi da jan ƙasa suna ba da duhu mai rai. Babban abokin gabarmu a nan ƙura ce. Da hunturu ina gamawa nake kife allon a cikin kwali, in ba haka ba kafin in kai gida ya yi gashi.

Ɗan Gidimuni:
Tun ɗazu ina karantawa ina jira wani ya ambaci garinmu. Ku da kuke neman ruwa mai faɗi, ga tafkin Gidimuni a kan hanyar Gure, da dabinai da lambuna da tudun rairayi a bayansa, tsuntsaye kuma sai wanda ya gani. Ba igiya irin ta Kwatano, amma in iska ta taso da hantsi fuskar ruwan takan yi ƙyalli kamar an watsa allurai. Ku zo ku kwana gidanmu, a fita tun da duhu.

Mai Allon Shago:
In Asabar ce ta sama zan rufe shago in zo, da yarona. Ni zan ɗauki hoto in dawo in zana a shago yadda na saba, Ɗan Birni ya yi nasa a can, mu ajiye su gefe da gefe Baba ya duba mana.

Baba Magini:
Ku kawo su da la'asar, idona ya fi gani a lokacin.

Ɗan Birni:
Na amince. Zan shafe alluna shida daren Laraba don su bushe. Ƙanwata, ki zo da lema da tsumma mai yawa, burushi ina da na aro. Ɗan Gidimuni, ta wane gefen tafkin rana take fitowa in mutum ya tsaya wajen dabinan? Ina so ta kasance a kafaɗata, ba a fuskata ba.